Kunne Lafiya, Magana Ba Ta Shiga: Abin Da Ke Taimakon Yaron Da Ƙwaƙwalwarsa Ke Wahalar Tace Sauti

Akwai yaron da idan kuka zauna ku biyu a ɗaki kuna hira, ba za ka ga wani aibu a jinsa ba. Ko cokali ne ya faɗi a madafa sai ya waiwaya. Amma sa shi a aji mai cike da yara, fanka tana ƙara, ajin da ke maƙwabtaka yana bitar karatu da ƙarfi, malam kuma ya juya baya yana rubutu a allo yana magana, nan take sai yaron ya ɓace. A ce a buɗe shafi na bakwai, ya buɗe na takwas. A yi shifta, rabin abin da ya rubuta ba shi aka faɗa ba. A gida uwa ta ce, "Ungo, je ka sayo gishiri da ashana, ka biya wurin mai niƙa ka ce ina jiran garina," ya dawo da ashana kaɗai. Bakinsa ba ya rabuwa da "Na'am?" da "Me kika ce?" In abin ya ishi iyaye suka kai shi asibiti, a gwada kunne a ce lafiyarsa lau. Daga ranar hukunci ya tabbata a kansa: kunnen ƙashi ne, da gangan yake yi.

Wasu daga cikin irin waɗannan yara ba da gangan suke yi ba. Suna fama ne da abin da masana ji suke kira APD a taƙaice, wato matsalar tace sauti a ƙwaƙwalwa.

Aikin kunne yana ƙarewa ne da zarar ya mayar da sauti saƙon jijiya. Dodon kunne ya kaɗa, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa kaɗawar zuwa can ciki, inda wani sashe mai siffar katantanwa zai mayar da ita saƙo. Sauran aikin na ƙwaƙwalwa ne. Ita za ta gane daga ina sautin ya fito, ta ware muryar malam daga surutun yara, ta bambance "bara" da "ɓara" ko "kafa" da "ƙafa", ta kuma riƙe jerin kalmomi yadda suka zo har ma'ana ta fito. Gwajin ji na yau da kullum ba ya taɓa wannan ɓangare. A ɗaki marar hayaniya ake yin sa, a sa wa yaro abin sauraro a kunne, a riƙa sako masa siririyar ƙara, ya ɗaga hannu idan ya ji. Yaro zai iya cinye wannan gwaji tsaf, amma in ya koma aji ya zama kamar mai sauraron rediyon da tashoshi biyu suka hau kan juna: yana jin komai, ba ya kama komai.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun 1954 wani masani a Amurka, Helmer Myklebust, ya ja hankali kan yaran da kunnensu ke ji amma suke kasa fahimtar abin da suka ji. A wannan shekarar ne wasu likitoci a Italiya, ƙarƙashin Ettore Bocca, suka lura cewa masu ƙari a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ji sukan ci gwajin kunne, amma da an dusashe musu magana kaɗan sai su kasa. A 1961 kuma Doreen Kimura ta yi a Montreal ta Kanada gwajin da har yau ake amfani da irinsa. Ga yadda yake: kunnen dama ya ji "biyu, tara", a daidai wannan lokaci kunnen hagu ya ji "biyar, ɗaya", sai a ce mutum ya maimaita duka huɗun. Mafi yawan mutane sukan fi kama na kunnen dama, domin saƙon kunnen dama kai tsaye yake zuwa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda magana take ga yawancinmu, shi kuwa na hagu sai ya bi ta wata gadar jijiyoyi da ta haɗa ɓangarorin biyu. Wannan gada ba ta gama nuna sai yaro ya kusa shekara 11 ko 12. Shi ya sa masana ba sa yarda su yanke cewa yaro yana da APD kafin ya kai shekara 7, don a ƙasa da haka ko lafiyayyun yara bambancin da ke tsakaninsu yana da yawa ƙwarai.

To amma kafin a zo ga magani, akwai gaskiyar da ya kamata iyaye su sani: su kansu masanan ba su daidaita a kan iyakar wannan larura ba. Gail Chermak da Frank Musiek sun ƙiyasta a 1997 cewa tana shafar yara biyu zuwa uku cikin ɗari, maza sun ninka mata. Sai dai a 2013 Wayne Wilson da Wendy Arnott a Ostireliya suka ɗauki sakamakon gwajin yara 150, suka auna shi da ƙa'idoji tara daban-daban da ƙungiyoyi da masana suka shimfiɗa. Da wata ƙa'idar kashi 7.3 cikin 100 na yaran ne ke da APD, da wata kuwa kashi 96. Yaran ba su canza ba, ma'aunin ne ya canza. Kafin nan, a 2010, David Moore da abokan aikinsa sun gwada yara 1,469 masu shekara 6 zuwa 11 a Birtaniya, suka ga cewa wahalar sauraro ta fi alaƙa da natsuwa da ƙarfin riƙe abu a kai fiye da ainihin tace sauti. Har yau ana ja-in-ja a kan haka.

Wannan saɓani bai nuna cewa wahalar yaron ƙarya ce ba. Abin da ya nuna, a ganina, shi ne sunan larurar kaɗai ba ya gaya wa kowa maganin da za a yi. Duk wanda ya ce maka "ɗanka yana da APD" ya miƙo maka magani ɗaya da yake ba kowa, bai gama aikinsa ba. Tambayar da za a yi masa ita ce: wane ɓangare ne takamaimai ya raunana, kuma da me aka gane?

Matakin farko ma ba na ƙwaƙwalwa ba ne, na kunnen ne da kansa. A duba ko dauɗar kunne ta toshe hanya. A duba ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne, abin da mafi yawan yara sukan yi aƙalla sau ɗaya kafin su shiga firamare, sau da yawa bayan mura, ba ciwo ba zazzaɓi. Yakan tafi da kansa cikin wata uku, amma ga wasu yana ta dawowa, jin yaro ya riƙa hawa da sauka, yau ya ji gobe bai ji ba, kuma in ya daɗe likita kan sa wani ɗan ƙaramin bututu a dodon kunne don iska ta shiga. Kunne mai zubar da mugunya kuwa, wanda a unguwanninmu ake ɗauka kamar ba komai ba, a toshe da auduga a ci gaba da harka, yana bukatar likitan kunne da gaggawa. Haka nan a tuna ko yaron ya yi shawara mai tsanani yana jariri, domin takan lalata yadda jijiyar ji take isar da saƙo, kuma wannan wata larura ce daban mai nata gwajin. Bayan kunne sai a duba natsuwa, a duba ƙarfin harshe, a duba wahalar karatu. Waɗannan ukun suna yawan tafiya tare da matsalar tace sauti, wani lokaci ma su ne ainihin abin.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Yaron da Hausa yake ji a gida, ya je makaranta ana koyar da shi da Turanci a Nijeriya ko Faransanci a Nijar, dole hayaniya ta fi cutar da shi, ko da ƙwaƙwalwarsa ba ta da wata matsala. Mai sauraron harshensa na gado idan rabin kalma ta kuɓuce masa yakan cike gurbin da kansa, wanda yake koyon harshen kuwa ba shi da abin cikewa. Mafi yawan gwaje-gwajen APD da Turanci aka tsara su, aka kuma gina ma'auninsu a kan yaran da Turanci ne harshen uwarsu. Idan aka ɗora wa ɗan Kano ko ɗan Maraɗi irin wannan gwaji ya faɗi, ba a gano larura ba, an gano ne cewa Turanci ba harshensa ba ne. Gwaje-gwajen da ba su dogara da kalmomi ba, kamar bambance kaifin sauti ko gane ɗan gajeren shiru a tsakiyar ƙara, sun fi yi masa adalci.

Idan an tace duk waɗannan kuma matsalar tana nan, babu ƙwaya ko allura ko tiyata da ke warkar da ita. Taimakon da ake yi hanya uku yake bi: a gyara yadda murya take isa ga yaro, a horar da ɓangaren da ya raunana, a kuma ƙarfafa masa harshe da dabarun sauraro. Hanyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma wadda aka fi rainawa ita ce ta fi tabbas.

Ita ce ta farko. Sauti yana raguwa da nisa: a ƙa'ida, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin murya yakan ragu da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Muryar malam da take kusan desibel 65 ga yaron da ke nesa da shi da mita ɗaya, za ta koma 59 a mita biyu, 53 a mita huɗu, 47 a mita takwas. Ita kuwa hayaniya ba ta raguwa, don ko'ina a ajin take. Masana sun ba da shawarar muryar malam ta ɗara hayaniya da desibel 15 kafin yaro ya ji da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaniyar aji kada ta wuce desibel 35, ma'aunin gine-ginen makarantu na Amurka na 2002 kuma ya ƙara da cewa amsa-kuwwar ɗaki kada ta wuce kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa. Amma wani bincike a makarantun firamare na Landan a 2004 ya samu desibel 56 a lokacin da yara suke aiki shiru. A Landan ke nan. Sai mu kwatanta da aji mai rufin kwano ba silin, ƙasa siminti, tagogi a buɗe suna kallon titi, janareto yana ruri a bayan gini. Yaron da aka tura layin baya a irin wannan aji saboda "ba ya mai da hankali", sannan aka yi masa bulala don bai ji ba, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Gyaran nan da yawansa ba ya cin ko sisi. A dawo da yaron gaba, kusa da inda malam yake tsayawa a zahiri, nesa da taga da ƙofa da fanka. Malam ya kira sunansa ya bari su haɗa ido kafin ya ba da umarni, ya daina magana yana fuskantar allo, ya rubuta lambar shafi da aikin gida maimakon ya faɗa kawai. Kada a ɗaga murya, tsawa tana ƙara dagula sauti. A sassauta gudun magana, a ɗan dakata tsakanin jimloli. Idan yaro bai gane ba, a sake faɗa da wasu kalmomin. Kuma "Ka gane?" ba tambaya ba ce mai amfani, domin kowane yaro "E" zai ce don ya tsira. Gara a ce, "Faɗa mini abin da za ka yi." Labule mai kauri, da tabarma ko kafet a ƙasa, da silin ko na kwali ne, duk suna shanye amsa-kuwwa. A gida ma haka: a kashe talabijin kafin a yi aike, kada a ƙwala masa kira daga wani ɗaki a jero masa saƙo uku. A makarantar allo ko Islamiyya, inda kowa yake ɗaga murya da nasa karatun, irin wannan yaro ya fi bukatar a ja shi gefe a biya masa shi kaɗai, ko na minti biyar ne.

Na'urar da ta fi kowace samun goyon bayan bincike ita ma wannan aikin take yi. Malam ya maƙala ɗan ƙaramin makirufo a wuyan riga, yaro ya sa ɗan abin karɓa a kunne wanda ba ya toshe kunnen, sai murya ta iso masa kamar malam yana tsaye kusa da kafaɗarsa ko da yana ƙarshen aji. Ba ta ƙara wa komai ƙara kamar na'urar masu raunin ji, nisa da hayaniya kawai take cirewa. A 2012 Jane Hornickel da Nina Kraus na Jami'ar Northwestern a Amurka sun bi yara 38 masu wahalar karatu, rabinsu suka yi shekara guda ta karatu da wannan na'ura. Waɗanda suka sa ta sun ƙaru a karatu da gane sautukan kalma, har ma yadda ƙwaƙwalwarsu take amsa sauti ya ƙara daidaituwa. Binciken ƙarami ne, amma ya dace da abin da wasu suka samu. Matsalarta tsada, da caji, da kuma samun malamin da zai yarda ya sa ta kullum. Inda ba a iya saye, ƙaramar lasifika mai makirufo irin ta masu wa'azi da 'yan talla takan taimaki ajin gaba ɗaya, muddin ba a ƙure ta har ta dami ajin maƙwabta ba.

Hanya ta biyu, horar da ƙwaƙwalwa kai tsaye, nan ne kasuwa ta fi ci, nan ne kuma ya kamata iyaye su fi buɗe ido. Akwai horon da ya nuna amfani, amma ga rauni takamaimai. Misali mafi kyau daga Ostireliya ya fito. Ƙwaƙwalwa tana gane inda murya take ne ta hanyar auna ɗan bambancin lokacin da sauti ya isa kunnen dama da na hagu, bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Da shi ne muke iya kama muryar wanda ke gabanmu mu watsar da ta waɗanda ke gefe. Sharon Cameron da Harvey Dillon na cibiyar binciken ji ta ƙasar da ke Sydney sun ƙirƙiro gwajin LiSN-S, wanda yake sako jimla kamar daga gaba, wasu muryoyi kuma suna ba da labari, wani lokaci daga wuri ɗaya da jimlar, wani lokaci daga gefe. Yaro mai lafiya yakan samu sauƙi sosai da zarar muryoyin sun koma gefe. Wanda bai samu wannan sauƙi ba shi ne mai raunin, kuma an lura abin ya fi yawa ga yaran da suka sha fama da ciwon kunne suna ƙanana, ciki har da 'ya'yan 'yan asalin ƙasar. Horon da suka tsara, wanda daga baya ya zama manhajar Sound Storm, wasa biyu ne a rana, kwana biyar a mako, kusan mako 10, kuma yaran da suka kammala sukan dawo daidai da tsaransu a wannan fanni. Ganin yadda ciwon kunne ya yawaita a yaranmu, wannan aiki ya cancanci likitocinmu su sa masa ido, ko da yake shi ma da Turanci aka gina shi. Haka nan akwai horon kunnen da ya fi rauni a gwajin kunne biyu, inda ake rage ƙarar kunne mai ƙarfi har mai raunin ya saba, sannan a riƙa dawo da ita sannu a hankali. Frank Musiek da Deborah Moncrieff kowanne yana da tsarinsa a kan haka.

Manhajojin da ke alƙawarin gyara komai kuwa, labarinsu daban. Fast ForWord, wadda ta samo asali daga binciken Paula Tallal da Michael Merzenich na 1996, ta shiga makarantu masu yawa a Amurka. Da aka gwada ta yadda ya kamata a 2008, a kan yara 216 masu raunin harshe da aka raba gida huɗu, kowane gida yana aikin awa ɗaya da minti 40 a rana har mako shida, sai aka ga duk gidajen sun ƙaru kusan daidai wa daida, har da waɗanda wasannin lissafi da kimiyya kawai suka yi a kwamfuta. Wani nazari na 2011 da ya tattara binciken da aka yi a kanta bai samu hujjar cewa tana gyara karatu ko harshe ba. Sai kuma tsarin sauraron kiɗan da aka tace, irin na likitan Faransa Guy Berard, rabin awa sau biyu a rana har kwana 10. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 1998 ta ce babu hujjar da ta goyi bayansa, ƙungiyar masana ji da magana ta ƙasar ma ta faɗi haka a 2004. Har yanzu ana tallata ire-irensa a intanet da kuɗi masu nauyi, kuma uban da ya ga ɗansa yana shan wahala ba abin da ba zai saya ba. Abin da ya sa ake ruɗuwa shi ne yaro yakan ƙware a wasan da yake ta maimaitawa, makinsa ya yi ta hawa a fuskar kwamfuta, amma a aji yana nan inda yake.

Hanya ta uku ba ta da ƙyalƙyali, sai dai tana aiki. Gwargwadon yawan kalmomin da yaro ya sani, gwargwadon yadda zai iya cike abin da ya kuɓuce masa. Don haka a gaya masa sababbin kalmomin darasin gobe tun yau da dare. A yi masa tatsuniya a ce ya maimaita ta da bakinsa. A yi wasan sauti: "Kawo mini kalma uku da suka fara kamar ƙofa," ko "In ka cire 'ta' daga kalmar 'tabarma', me ya rage?" Irin wannan horon gane sautukan kalma yana cikin abubuwan da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu ga koyon karatu, kuma shi ne babban aikin masanin gyaran magana idan an same shi. Sannan a koya wa yaron ya nemi haƙƙinsa cikin ladabi. A al'adarmu yaro ba ya son ya ce wa babba ya maimaita, kuma sau da yawa in ya ce ɗin tsawa yake sha. Sai iyaye sun je da kansu sun yi magana da malam, an ba shi izini a fili ya ce, "Malam, na ji na farko, na biyun ne ban kama ba." Irin waɗannan yara sukan dawo daga makaranta a gajiye liƙis, domin sauraron da wasu ke yi ba tare da sun sani ba, su aiki ne suke yi tun safe. A bar shi ya huta kafin a zaunar da shi aikin gida.

Ina za a je? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 kan ji ya nuna cewa kashi 93 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da masanin gwajin ji ko ɗaya ga kowane mutum miliyan guda, kashi 78 kuma haka suke a likitocin kunne, hanci da maƙogwaro. Don haka cikakken gwajin APD ba abu ba ne da za a samu a kowane gari. A Nijeriya akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sassan kunne na asibitocin koyarwa, kuma nan ne ya dace a fara, a tabbatar da lafiyar kunnen da ta dodon kunne, a nemi a gwada jin magana cikin hayaniya, ba siririyar ƙara kaɗai ba. Gyaran wurin zama da na yadda ake magana da yaro kuwa ba ya jiran takardar likita, kuma ba ya jiran shekara 7.

Kowace hanya aka ɗauka, a sa mata ma'auni tun ranar farko, kuma ma'aunin ya zama na rayuwa: kalma nawa yake samu daidai a shifta, saƙo nawa yake iya riƙewa a aike ɗaya, me malami yake gani. A rubuta, a sake dubawa bayan zango guda. Idan an matso da shi gaba, an rage hayaniya, an sassauta magana, amma ko ku biyu ne a ɗaki shiru yana kasa bin zance, to akwai yiwuwar matsalar ta harshe ce ko ta natsuwa, sai a koma wurin likita da wannan bayani a nemi ya tura shi ga masanin da ya dace.